Yadda Tari Ya Raba Ni da Ɗiyata

Tarin ya kama ni ne bayan an ba mu jiha, lokacin da Gusau ta cika da ma'aikata masu jakar hannu da aka kwaso daga Sakkwato. Kowa yana murna wai mun samu namu. Ni ina gidan gurzar auduga ina dakon buhu, kamar yadda nake yi tun kafin jihar, kuma buhun bai rage nauyi ba.

A gidan auduga kowa yana tari. In ka ga wanda ba ya yi, sabon ɗauka ne. Saboda haka da nawa ya yi tsanani ba wanda ya ɗaga kai. Aka ce in sha nono, yana wanke ƙura daga ƙirji. Na sha nono har Bafulatanar da ke kawowa daga wajen Mada ta fara gaishe ni kamar ɗan'uwa. Tari bai tafi ba. Wando ya fara zamewa daga ƙuguna, zazzaɓi yana zuwa kowane la'asar kamar mai aikin gwamnati, riga kuma kullum sharkaf da gumi. Ranar da na tofa kaki na ga jini, shugaban 'yan dako ya dube ni ya ce in je asibiti kada in mutu a kan audugar mutane.

Matata ta rasu a daminar da ta wuce, bayan doguwar jinya. Wasu sun ce shawara ce, wasu sun ce sammu, wata tsohuwa ta rantse iska ce daga tsamiyar bayan gida. Ta bar mini yarinya guda, ba ta kai shiga makaranta ba, tana wurin Inna, mahaifiyata, a Tsafe. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta ba. Uwata nake ce mata.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kaki a ɗan kwalba, aka ɗebi jini kamar ina da na kyauta. Da na koma, likitan ya rufe ƙofa da kansa. Wani siriri ne mai gilashi, Hausarsa ta Kano.

"Malam, cuta biyu gare ka," in ji shi.

"Ɗaya ba ta isa ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce akwai ƙanjamau a jinina, akwai kuma tarin fuka a huhuna. A lokacin ba a cika faɗin sunan ta farkon ba, kabari kusa ake ce mata. Ina jin sunan kunnena ya toshe. Ya ci gaba da magana, ni ina kallon takalminsa. Kada kuma kowa ya tambaye ni inda na samo ta. An tambaye ni har na gaji, kuma masu tambayar ba magani suke da shi ba.

Sai da ya ƙwanƙwasa tebur na dawo. Ya ce jiki yana da masu gadi. Ƙanjamau tana bi tana kashe masu gadin ne ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa. Tarin fuka shi ne ɓarawon da ya fi kowa saurin gane an bar gida ba mai gadi. Ya ce da yawa daga cikin waɗanda yake gaya wa wannan labari, tari ne ya kawo su gabansa, ba wani abu ba.

"Wadda kake tsoro ba mu da maganinta yanzu. Amma ba ita ce ke neman ranka a bana ba. Tarin ne, shi kuma yana warkewa in ka sha ƙwaya wata da watanni ba fashi. Wa ke kwana ɗaki ɗaya da kai?"

Na ce in na koma gida, uwata da ɗiyata.

Ya sa aka kawo yarinyar aka duba ta. Jininta lafiya, ƙirjinta lafiya. Ya kama hannun rigata ya ce in saurara da kyau. Ƙanjamau ba ta bin kwano, ba ta bin moɗa, ba ta bin gaisuwa. Tarin kuwa iska yake bi. In buɗe taga, in yini a waje, yarinyar kuma ta yi nesa da numfashina har sai an sake duba kakina an ga magani ya kama. Ya ce ƙaramin yaro in ya ɗauka, wani lokaci har kansa yake hawa.

Na koma Tsafe da ledar ƙwayoyi. Na gaya wa Inna duka biyun, ban ɓoye ba. Ta yi salati, ta share hawaye da bakin zane, sannan ta miƙe ta kama aiki. In Inna ta kama aiki, sai ka yi addu'a.

Abin da ta ji a rediyo game da ƙanjamau ta haɗa da abin da ta ji a bakin rijiya. Ta ware mini kwano ta ɗaura masa jan zare. Ta ware moɗa, ta ware buta, ta ware ludayi. Tabarmar da na zauna a kai ranar da na iso ta ƙone ta a bayan gida. Kayana da sanda take juya su a cikin ruwan zafi, kamar mai dafa fata. In na rage tuwo, ko akuya ba ta yarda a ba, rami take haƙawa ta binne. Yarinyar ta taɓa kai hannu cikin kwanona, Inna ta wanke mata hannun da toka har ya yi ja.

Tarin kuma Inna ta san shi tun tana budurwa, kuma ta san abin da ke kawo shi: sanyi. Ta kai ni ɗakin soro na ƙurya, wanda marigayi Baba yake ajiye gero a ciki. Taga ɗaya gare shi, ba ta fi faifai ba. Ta cusa mata tsumma. Ta rataya bargo a ƙofa. Ta kawo kasko da garwashi ta zuba kanumfari da tafarnuwa da wasu saiwoyi da ko ita ba ta san sunansu ba. Sannan ta shimfiɗa tabarmarta a gefe, ta kwantar da yarinyar tsakanina da ita.

"Inna, likita ya ce a buɗe taga."

"Likita shi ya haihe ka?"

"Ya ce iska tarin yake bi."

"To ai shi ya sa na toshe. Iskar ta ina za ta shigo?"

Na yi ta bayani har tari ya ƙwace mini magana, ita kuma ta ɗauki tarin a matsayin shaida. Kullum in ta fita ɗora tukunya, sai in ja jiki in zare tsumman. In ta dawo ta mayar. Na jefa shi bayan katanga, ta kawo tsohon wandon Baba ta cusa. Na jefar da wandon, ta kwaɓa laka ta shafe tagar gaba ɗaya, ta yi mata yaɓe mai kyau, har da zane da yatsa.

Na ce to a shimfiɗa mini a tsakar gida, ƙarƙashin dalbejiya.

"Don a ce mun yar da kai? Ina da rai ba ka kwana waje kamar kare. Ƙanen wance da danginshi suka hitar da shi rumfa yana ciwo, har yau ana zancensu."

"To a fitar da yarinyar."

"Ɗiyar da ba ta da uwa? Bar ta ta ƙoshi da ganin ubanta."

Ba ta ƙarasa ba, amma na ji sauran. Inna ta riga ta binne ni a ranta, tana dai jiran a kawo makara.

Garin kuma an gaya masa tarin auduga ne. Ba wanda ya yarda, amma kowa ya zo dubiya, don dubiya lada ce kuma ana ganin abin ba da labari. Su shigo su cika ɗakin, a sauke bargo a bayansu. Ba mai ba ni hannu. In Inna ta kawo ruwa, kowa azumin nafila yake yi, har waɗanda na san ko na farilla da ƙyar suke kaiwa. Amma su zauna gwiwa da gwiwa da ni, ina tari suna shaƙa, suna "Allah shi sawwaƙe, Allah shi sa kaffara ne." Wani maƙwabcinmu mai sayar da taba gari ya naɗe hannunsa cikin babbar riga don kada ya taɓa tabarmata, ya kuma kawo fuskarsa dab da bakina yana tambaya ko ina gane mutane. Na ce ina gane shi sarai, kuma bakinsa yana wari. Ya fita ya ce ciwon ya fara taɓa mini kai.

Waɗannan ban damu da su ba, manya ne, su suka kawo kansu. Yarinyar ce. Tun rasuwar uwarta ba ta barin jikin mutum. Ina kwance sai ta zo ta ɗora kanta a ƙirjina, wai tana jin kyanwa tana gurnani a ciki. In na ture ta ta yi kuka, Inna ta ce na zama mugu. Na koma rufe baki da hula in zan yi tari, ta ɗauka wasa ne, ta riƙa fizge hular tana dariya. Wata safiya ta yi ɗan tari sau biyu, wataƙila hayaƙin kaskon ne, amma ni ranar ko kunu bai wuce mini ba.

Na aika aka kira yayana, gidansa yana bayan kasuwa. Na roƙe shi yarinyar ta zauna wurinsu zuwa kaka. Ya ce babu komai, ai ɗiyarsa ce. Washegari ya dawo yana sosa ƙeya. Matarsa ta ce yarinyar da uwarta ta mutu a haka, ubanta yana kwance a haka, ba za ta haɗa ta kwano da 'ya'yanta ba. Na ce an duba jininta. Ya ce ya gaya mata, ta ce ita ba a gabanta aka duba ba.

Saura mutum ɗaya. Yayar matata tana aure a Bunguɗu, wurin wani Alhaji mai sayar da hatsi. Ta daɗe a gidan, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ranar sadakar bakwai ta ƙanwarta ta nemi in ba ta riƙon yarinyar, na hana, har na faɗi maganar da ba ta yi mata daɗi ba. Tun daga nan ko gaisuwar Sallah ba ta aiko ba. Na ba wani direban da ke bin hanyar Mafara saƙon baki, ya gaya mata ina kwance kuma ina son ganinta.

Ta zo ranar Juma'a tare da Alhajin, cikin wahalar man fetur, sun sha tsayuwa a tashar Gusau. Ita ce mutum na farko da ya shigo ɗakin ya ɗage bargon ya bar shi a ɗage, ba don ilimin likita ba, don ta ce warin tafarnuwa zai kashe ta. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, haka ka koma?"

"Haka na koma, Hajiya."

Na gaya mata abin da likita ya faɗa, duka. Na ce ina son ta ɗauki yarinyar zuwa lokacin da tarin zai lafa.

"Zuwa yaushe ke nan?"

"Wata biyu, wata uku. Allah ya sani."

Ta gyara mayafi. "Ni ba ni karɓar aro. Ɗiya ba turmi ba ce da za a ce in daka in maido. In saba da ita, ta saba da ni, rannan ka zo ka ce ba ni abata? Na ga yadda aka yi ma wasu. In ka ba ni, ka ba ni har ɗakin mijinta. In ba haka ba, ga ta ga ka."

Alhajin ya ce, "Hajiya, a bi a hankali, mutum yana kwance."

"Shi ya sa nike son a yi ta yanzu, yana da bakinshi."

Inna tana bakin ƙofa tana kuka tana cewa ba inda za a kai mata takwara. Yarinyar tana zaune a kan ƙafata tana wasa da zoben Hajiya.

Kowa ya san yadda riƙo yake a wurinmu. In ka ce ka ba da, a gaban shaidu, ka ba da. Uban da ya koma karɓar ɗa daga hannun mai riƙo, har jikokinsa sai an goranta musu. Na san wannan. Amma na yi lissafi irin na mai hankali. Likita ya ce ɗayar cutar ba ta da magani. Inna ta gama da ni, gari ya gama da ni, ni ma in na dubi cinyata ban ga abin da zai kai baɗi ba. Mutumin da zai mutu, mene ne bambancin wata uku da har abada a wurinsa?

Na ce, "Alhaji, ka shaida. Na ba ta."

Ya ce ya shaida. Aka yi fatiha. Inna ta ɗaure kayan yarinyar a ɗankwali tana zagina ƙasa-ƙasa. Yarinyar ta ɗauka kasuwa za a je, ta ce me za ta sayo mini. Na ce, "Uwata, ki sayo mini rake." Ta tafi tana tsalle.

Daga nan na zauna jiran mutuwa, ina kuma shan ƙwaya don kada a ce ni na kashe kaina. Ƙwayoyin manya ne, kamar na doki. Fitsarina ya koma ja kamar zoɓo, Inna ta gani ta ce jinina ne ke tsiyayewa, ta aika a sanar da liman ya zauna kusa. Gaɓoɓina suka riƙa ciwo. Da yarinyar ta bar gidan, Inna ta yi fushi da ni har ta daina kula inda nake kwana, sai na ja tabarma zuwa ƙarƙashin dalbejiya. In lokacin karɓar magani ya yi, in hau mota zuwa Gusau in shiga layi. A layin muna gane juna, mu masu cuta biyu. Ba ma magana. Wani lokaci ka zo ka ga babu wani, ba ka tambaya. Akwai wanda ya ji sauƙi ya daina sha ya koma gona, tarin ya dawo masa da ƙarfinsa, bai ga girbi ba.

Ni kuwa mutuwar ta ƙi zuwa. Gumi ya tsaya. Zazzaɓi ya daina zuwa. Na fara jin yunwa irin ta rashin kunya, ina cinye tuwo Inna ta rasa abin binnewa. Aka sake duba kakina, likitan ya ce babu komai a ciki. Da na gama watannin ya sake dubawa, ya ce tarin ya tafi. Ya ce ɗayar tana nan, in kula da kaina, in ci abinci, in dawo da zarar na ji wani abu. Maganinta bai iso mu ba sai bayan shekaru, bayan an binne mafi yawan waɗanda muka yi layi tare. Ban san dalilin da ya sa ni na kai ba. Ba don kirki ba ne, akwai waɗanda suka fi ni kirki nesa ba kusa ba.

Maƙwabta suka rasa yadda za su yi da ni. Sun riga sun yi mini ta'aziyya a ransu, ga ni kuma ina wucewa da fartanya. Maƙwabcin nan mai taba gari ya ce dama shi ya san tarin auduga ne.

Bayan girbi na gaya wa Inna zan je Bunguɗu in ɗauko yarinyar. Na ɗauka za ta yi guɗa. Ita da ta yi kuka kamar za ta mutu ranar da aka tafi da ita.

"Ka ɗauko ta a matsayin mi? Ba da bakinka ka ba da ba? Gaban Alhaji, aka shafa fatiha?"

"Na ɗauka mutuwa zan yi."

"To wannan tsakaninka da Allah ne. Mu a gidanga ba a yi kyauta a karɓe ba."

Na tafi duk da haka. Na sa rigar Sallah, na sayi rake a Gusau. Hajiya ta tare ni a zaure, ta yi salati da ta gan ni, ta ce ta ji labari amma ba ta yarda ba. Aka kawo fura. Muka gaisa, muka sake gaisawa, muka tambayi damina da ta riga ta wuce. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ba ta ɗaga murya ba. "Malam, na yi murna da ka tashi, Allah ya sani. Amma ni ban ce sai ka mutu ba, kai ma ba ka ce ba. Ka ce ka ba ni."

"Ɗiyata ce, Hajiya."

"Wa ya ce ba taka ba ce? Ka zo ka gan ta duk ranar da ka so. Ɗayar cutar fa, ta tahi?"

Na ce tana nan.

"To baɗi in ka sake kwanciya, sai ka sake aiko direba?"

Alhajin yana gefe yana jan carbi, yana kallon azara. Na dube shi ko zai ce wani abu. Ya ce shi dai abin da ya shaida ke nan.

Aka kira yarinyar. Ta shigo da allo a hannu, an yi mata kitso, ta yi kumatu. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Ina wuni," kamar yadda aka koya mata gaida baƙi. Na ce, "Uwata, zo mana." Ta dubi Hajiya, Hajiya ta ɗaga mata kai, sannan ta matso. Na miƙa mata raken, ta karɓa da hannu biyu ta kai wa Hajiya ta ajiye. Na ce ta karanta mini abin da ke allon. Ba karatun nake so ba, ƙirjinta nake saurare. Ta karanta da ƙarfi, numfashi ɗaya, har ƙarshe. Yara suka kira ta daga waje, ta fita a guje tana ihu, ina jin muryarta har bayan masallaci. Ko gyaran murya ba ta yi ba.

Na shanye furar na yi musu sallama. Alhaji ya raka ni har bakin titi yana ba ni labarin farashin dawa.

A can ta girma, a can aka yi mata aure. Ranar ɗaurin auren an ba ni tabarma mai kyau a sahun gaba, kusa da sauran baƙi. Yanzu tana da 'ya'yanta, dukkansu lafiyayyu, masu ƙara kamar injin niƙa. Takan aiko mini da tuwon Sallah in an samu mai zuwa. Ita da yaran, Baban Tsafe suke ce mini.